Mun bi sawun tattasai har Damagaram

Mu ƙungiya ce ta mata 27 a wata unguwa ta bakin garin Maraɗi. Kowace Laraba bayan la'asar muke zama gindin bedi mu yi zubi, irin tsarin Mata Masu Dubara da aka soma nan jiharmu tun 1991. Sana'ar da muke yi tare ita ce yaji. Muna haɗa tattasai da tonka da citta da kanumfari da masoro da kimba da ƙuli-ƙuli, mu ƙulla a leda, na dala biyar da na dala goma, mu kai wa masu ƙosai da awara da masu tsire. Wannan karon labarin wata tafiya muka kawo muku, wadda ba don yawon buɗe ido muka yi ta ba.

A tsakiyar sanyin da ya wuce muka ɗauki bashin jika 60 daga asusu, muka sayi tattasai da sauran kayan haɗi, muka yi yaji mai yawa a karo guda don mu rage kuɗin niƙa. Kwana huɗu da fara sayarwa sai yara suka soma kwanciya a gidaje biyar na unguwa: zawo, zazzaɓi, murɗar ciki. Jikan ma'ajiyarmu, yaro ɗan shekara uku, sai da ya kwana biyu a likita ana yi masa ƙarin ruwa. Malamar likitar ta bi iyayen da tambaya ɗaya bayan ɗaya. Ruwan gidajen ba ɗaya ba ne, wasu na famfo wasu na rijiya. Tuwon ma ba ɗaya ba. Abin da ya haɗa su shi ne kowane yaro ya ci ƙosai ko awara da aka barbaɗa wa yajinmu.

Ta aiko aka kira shugabarmu. Ta ce mata, "Inna, ba zan rantse ba, don sai an kai shi wurin awo kafin a tabbatar. Amma in ni ce ku, daga yau na tsayar da sayar da wannan yajin, wanda ya fita kuma in bi shi in karɓo."

Ranar nan zaman ƙungiya ya yi zafi. Wata daga cikin iyayenmu ta ce, "Mi kuke faɗi haka? Yaji ai wuta ne. Wane ƙwaro ka rayuwa cikin tonka?" Da yawanmu haka muka ɗauka. Sai da malamar ta zo da kanta ta zauna bisa tabarma tare da mu ta warware mana. Akwai wata ƙwayar cuta da ake kira salmonela, wadda ido ba ya gani, tana zama cikin kashin kaji da tsuntsaye da ƙadangaru da ɓeraye da dabbobi. Zafin tonka a harshe yake, ba ya kashe ta. Bushewa ma ba ta kashe ta: a cikin busasshen gari ba ta hayayyafa, amma takan kwanta ta yi watanni da ranta, ta jira ranar da za ta shiga ciki ko ta samu laima. In aka niƙa, ɗan abin da ya taɓa ƙwaya biyu ko uku ta tattasai sai ya bazu cikin tiya guda. Tafasa tana kashe ta, shi ya sa yajin da aka zuba cikin miya tana kan wuta ba ya ba da tsoro. Na barbaɗawa kuwa, wanda ake zubawa bisa ƙosai ko tsire ko ɗanwake bayan an sauke, daga leda sai baki. Ciwon yakan taso tsakanin awa 6 zuwa kwana 6 bayan an ci, kuma ya fi kayar da yara ƙanana da tsofaffi da masu ciki.

Abin da ya ƙara ba mu mamaki shi ne jin cewa ba mu kaɗai ba ne. A Jamus, a 1993, garin jan tattasai da aka barbaɗa wa soyayyen dankali na leda ya kwantar da mutane wajen 1,000, yawancinsu yara. A Amurka, tsakanin 2009 da 2010, mutane 272 a jihohi 44 suka kamu, aka bi sawu aka tarar da masoro da jan barkono ne da aka shafe wani nama da su, kamfanin ya janye naman da ya haura tan 500 daga kasuwa. A 2013 hukumar kula da abinci da magani ta ƙasar ta fitar da rahoto cewa cikin kowane lodi 100 na kayan yaji da aka shigo da su aka auna, kusan 7 na ɗauke da wannan ƙwayar. A can, kowane ƙunshi yana da lamba da kwanan wata, in an gano matsala sai a yi shela a ce duk mai riƙe da lamba kaza ya mayar a ba shi kuɗinsa. Mu ba mu da lamba, ba mu da shela. Ƙafa muke da ita.

Muka rabu biyu-biyu muka shiga gida-gida da tebur-tebur, muna karɓar yajin muna mayar da kuɗi. Wasu suka yi mana dariya, wasu suka sa mana albarka, wata mai ƙosai ta ce ita da yajinmu har abada. Wata cikinmu ta kawo shawara a raba abin da aka karɓo a riƙa zubawa a miya, tunda tafasa na kashe ƙwayar. Muka duba muka ga in dai ya shiga madafa, wata rana yaro zai ɗiba ya barbaɗa a garin rogo. Muka haƙa rami bayan gari muka binne.

Da zafin hasarar ya taso, sai duk muka ɗora laifin kan tattasan. Daga Damagaram aka kawo mana shi, ta hannun wani direba. Ƙungiya ta yanke a tura mata huɗu su je su gani da idonsu inda yake fitowa, in ta kama a sake mai sayar mana. Shugaba, da ma'ajiya, da mu biyu masu ɗan rubutu a kaye.

Mun tashi ranar Laraba da asuba don mu riski kasuwar Alhamis. Daga Maraɗi zuwa Damagaram kilomita wajen 240 ne bisa kwalta. Hazo ya rufe gabas, rana ta fito fara kamar faifai. Muka wuce Cadawa, muka wuce Age, gonaki duk an girbe sai karan hatsi da rumbuna, gawo kuwa ya yi kore shar kamar yadda ya saba yi da rani, awaki na kiwo ƙarƙashinsa. Wannan hanya mun sha binta zuwa biki da gaisuwar mutuwa, amma ba mu taɓa kallon bakinta yadda muka kalla ran nan ba. Kusan kowane ƙauye akwai shanya: kuɓewa, kauɗar tumatir, yakuwa, tonka, wata bisa tabarma, wata bisa buhu, wata a ƙasa tsirara. Kaji na tsallakawa, mota na wucewa ta watsa ƙura. Ma'ajiya ta daɗe tana kallo ta taga, can ta ce, "Yaya, kin ga irin shanyarmu." Shugaba ba ta tanka ba.

A Gazawa aka sauke buhuna, a Tasawa aka tsaya cin abinci. Ƙamshin tsire da kilishi ya cika tasha. Muka tsaya muna kallon wani mai nama: hannun da ya karɓi kuɗi, shi ya shiga kwanon yaji, shi ya barbaɗa, kwanon kuma a buɗe tun safe. Ba mu ce masa komai ba, don da wane baki? Muka sha shayi da burodi muka koma mota. Bayan Maijirgi da Takeita da Tirmini sai manyan duwatsun Damagaram suka fara bayyana, ƙato bisa ƙato kamar an jera da hannu.

Mun sauka gidan ƙanwar shugaba a Zango. Da la'asar ɗanta ya zaga da mu Birni, muka bi lunguna masu gidajen ƙasa da zane a goshin ƙofa, muka tsaya ƙofar fadar Sarkin Damagaram muka kalli dogarai da jajayen kayansu. Garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926 kafin a mayar Yamai, kuma har yau ana ganin haka a jikinsa. Abin da muka fi lura da shi, mu da muka zo da zancen tsabta a ka, shi ne tsadar ruwa. Ƴan ga-ruwa na ta kai da kawo da bidodi a kura, matar gida na auna kowane kwano. Duk shawarar da za a ba mace ta "wanke, ki sake wankewa", sai an tuna da nawa take sayen bido.

Da safiyar Alhamis muka shiga kasuwar Dole. Ba sai an nuna maka layin ƴan tattasai ba, hanci ne ke kai ka. Tun daga nesa muka fara atishawa. Buhuna jere har sama da tsayin mutum, tsibi-tsibi ja wur a gaban kowace rumfa, masu awo na cika tiya suna tsokaci, ƴan dako na ratsawa da "hanya, hanya". Muka tambaya har muka samu Alhajin da direbanmu ke saya wurinsa, dattijo mai furfura, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma aka kawo ruwa. Bayan gaisuwa shugaba ta faɗa masa abin da ya kawo mu, ba ta ɓoye komai ba.

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Hajiya, bari in gaya muku tafiyar da wannan abu ke yi kafin ya zo hannuna." Tattasan nan a jihar Difa ake noma shi, bakin kogin Komadugu, inda ake ba shi ruwa da injin. Mutanen can jan zinariya suke ce masa, don shi ne abincinsu, shi ne suturarsu, mafi yawansa kuma Najeriya yake tafiya. In ya nuna a tsinke, a baza a fili rana ta busar da shi kwana da kwanaki, a cusa a buhu, a ɗora a manyan motoci su biyo ta Maine Sorowa da Gudumariya da Gure, tafiyar fiye da kilomita 400. Ya tuna mana shekarar 2015, lokacin da aka sa dokar ta-ɓaci saboda Boko Haram aka hana cinikinsa, sai a 2017 aka sake buɗewa. Ya ce shekarun nan ya ga manoma masu rufin asiri sun koma neman na tuwo.

Sai ya ɗauko ƙwaya guda ya karya a gabanmu, ta yi ƙas. Ya ce mai kyau ke nan: ya karye, kada ya lanƙwashe, cikinsa fes, ba baƙi ba fari-fari, ba warin laima. Ya ce wasu kan yayyafa ruwa kafin su cusa a buhu don kada ya farfashe, irin wannan shi ke yin fumfuna a tsakiyar buhu, don haka kada mu yarda da na baki, mu sa hannu har ƙasa. Malamar likita ma ta riga ta gargaɗe mu kan fumfuna, a tattasai ko a gyaɗar ƙuli-ƙuli: dafin da take bari yana lahanta hanta, shi kuwa ko tafasa ba ta kashe shi, sai dai a tsince a zubar. Daga nan Alhaji ya dube mu ya ce, "Ni ba zan ce muku kayana ba ƙura ba, abin da ya kwana a fili tsuntsu ya bi ta kansa. To amma Hajiya, da ya bar hannuna, ku me kuka yi masa?"

Muka yi masa godiya muka tashi da wannan tambaya.

Bayan layin tattasai akwai masu injin niƙa. Muka tsaya wurin wani mai inji biyu, ɗaya na jiƙaƙƙen kaya, wake da gero, ɗaya na busasshe. Muka tambaye shi dalili, ya ce, "Inna, in na haɗa su garin yaji dunƙulewa yake, masu shi su dawo da faɗa." Shi don ciniki ya raba. Mu kuwa sai muka tuna injin unguwarmu guda ɗaya ne tal, kuma ranar da muka kai namu, bayan waken ƙosai aka zuba shi.

Ƙanwar shugaba ce ta ce kada mu koma sai mun ga wata tsohuwa maƙwabciyarta, wadda ta fi shekara talatin tana yaji. Muka same ta tsakar gida. Shanyarta ba a ƙasa take ba: gado ne na kara bisa sanduna huɗu, ya kai ƙugu, an rufe da farin ƙyalle marar kauri. Ɗayarmu ta ce ai tsohon gidan sauro ma zai yi. Tsohuwar ta ce, "A'a ɗiyata, wannan da magani a jikinsa, ba a haɗa shi da abin ci." Tana tsince tattasan ɗaya-ɗaya, ta cire hanci da duk mai tabo. Sannan ta ɗora kasko ta soya kowane iri daban ba mai, tattasai da tonka sama-sama don kada su ƙone su yi ɗaci, citta da masoro da kimba su ɗan jima, har sai sun yi zafin da hannu ba ya iya riƙewa. Ta juye a tire mai tsabta ta rufe ya huce. Turminta na yaji daban yake, kife bisa dutse, ba a daka komai ciki sai shi. Kuma ba ta yin wanda zai wuce kwana bakwai. Muka ce, "Gwaggo, wa ya koya miki?" Ta ce uwarta, don ƙamshi take yi. Da muka koma muka faɗa wa malamar likita, ta ce suyar tana rage ƙwayar ƙwarai, ko da yake ba ta kai tururi mai matsi da manyan masana'antu ke amfani da shi ba, kuma amfaninta na lalacewa in bayan suyar aka mayar da kayan cikin ƙazanta.

Daren nan bisa tabarma a tsakar gida, ba wadda ta yi barci da wuri. Ma'ajiya ce ta fara, ita da jikanta ya kwanta. Ta ce mu faɗi gaskiya tsakaninmu. Tattasan nan a ƙasa muka shanya shi gidan shugaba, kaji na yawo, mun kore su sun dawo, ƙadangaru kuwa ba wadda ta kula da su. Garin ya dawo daga inji da ɗan danshi, muka sake baza shi a buɗe ya kwana. Wanda ya zube ƙasa wurin niƙa an share an mayar cikin kwano. Ranar ƙulli mu goma ne da yara, ba wadda ta wanke hannu da sabulu, mai goyo ta gyara ɗanta ta dawo ta ci gaba. Ledar kuma da baki muke hura ta ta buɗe. Shugaba ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Munka taho neman mai laifi Damagaram, ashe gida munka baro shi." Ko daga Difa ƙwayar ta taso, ko daga kajinmu, mu ne hannu na ƙarshe kafin bakin yaro, kuma ba mu yi komai da zai tare ta ba.

Ranar Juma'a muka juyo da rabin buhu da muka zaɓa da hannunmu wurin Alhajin nan dai, da ƙullin alkakin Damagaram na yara. A zaman Laraba muka ba da labari, aka yi muhawara, aka rubuta sharuɗɗa a kayen ƙungiya. Shanya bisa gado, a rufe. A tsince, a soya, a huce a rufe. Niƙa da sassafe, mu ne na farko, bayan mai inji ya goge ya bushe, mu biya shi ɗan ƙari. Abin da ya taɓa ƙasa ya zama na ƙasa. Masu ƙulli mata uku kawai, da sabulu da buta a gefe, da cokali, ba hura leda, wadda ke zawo ko ɗanta ke yi ta huta wannan makon. Ba ma yin na fiye da mako biyu. Kowane karo yana da lamba da kwanan wata a ƴar takarda da muke liƙawa a bayan leda, kaye kuma na nuna inda aka sayi kayan da waɗanda aka kai wa. In wani abu ya sake faruwa, Allah ya kiyaye, karo ɗaya za mu bi, ba duka ba, kuma mun san ƙofofin da za mu buga. Masu saye ma muna roƙonsu su rufe kwanon yaji su sa cokali.

Hasarar ba ta tafi ba. Bashin jika 60 yana nan, mun raba shi muna biya kaɗan-kaɗan bisa zubi, rabon bana zai ragu, kowa ta sani. Asusun taimako ya biya maganin yaran gidajen nan biyar, har da waɗanda iyayensu ba ƴan ƙungiya ba ne. Itacen suya da sabulu da takarda sun ci wani abu daga riba, sai muka ɗan rage ƙullin maimakon mu ƙara kuɗi. Mai ƙosan da ta rantse ba ta dawo ba har yanzu. Amma masu tsire biyu na bakin tasha sun zo da kansu, sun ce sun ji mu ne matan da suka bi gida-gida suna mayar da kuɗi.

Ƴan'uwa masu yaji, masu garin kuka da kuɓewa, masu gabu da daddawa da ƙuli-ƙuli, ku leƙa shanyarku yau ku ga me ke yawo kusa da ita. In yaro ya fara zawo a ba shi ruwan gishiri da sukari na likita tun da wuri, a ci gaba da ba shi nono da abinci. In da zazzaɓi, ko jini, ko ya kasa sha, a kai shi likita ba jira. Ƙungiyar da ke son ganin gadon shanyarmu, ƙofa a buɗe take kowace Laraba, kara da sanduna huɗu ne kawai. Jikan ma'ajiya ya warke sarai, shi ne ma ya cinye rabin alkakin.